Littattafan yara da suka ci lambar yabo da mutanen da suka rubuta su: tambayoyi da amsoshi

Na yi shekaru ina koyar da yara 'yan firamare, kuma duk ranar da iyaye suka zo karɓar sakamako, ba na rasa uwa ko uba da zai tsaya ya ce, "Malam, wane littafi zan saya wa yaron nan?" Wasu ma da littafin suke zuwa, sun tsinto shi wurin masu gwanjo, suna so su ji ko yana da kyau. Tambayoyin da suka fi maimaituwa su ne na tattara a nan.

Akwai wani tambari zagayayye mai ruwan zinariya da nake gani a bangon wasu littattafan yara na gwanjo. Na mene ne?

Yawanci lambar Newbery ce, ko kuwa ta Caldecott, dukansu na Amurka. Idan ka duba da kyau za ka ga sunan a jikin tambarin. Mai ruwan zinariya na nufin littafin ne ya zo na ɗaya a shekararsa, mai ruwan azurfa kuma na cikin 'yan kaɗan da suka rufa masa baya aka yaba musu.

Newbery ce ta fi daɗewa. An fara ba da ita a 1922, kuma sunan wani mai sayar da littattafai a Landan aka sa mata, John Newbery, wanda tun a 1744 ya fara buga littattafai musamman don yara su ji daɗi, a zamanin da ake ganin littafin yaro na gargaɗi ne kawai da tsoratarwa. Wanda ya fara cin ta shi ne Hendrik van Loon, da wani littafi kan tarihin ɗan Adam. Caldecott ta biyo baya a 1938, ita kuma ta masu zane ce. Wato idan littafi ya ci Caldecott, hotunan da ke ciki aka yaba, mai zanen ne ke karɓar lambar.

Idan ka ga irin wannan tambari a tarin gwanjo, kada ka wuce shi. Sau da yawa kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba.

Su wa ke zaɓen waɗanda suka ci? Yara ne?

A'a, manya ne, kuma galibi ma'aikatan laburare. A Newbery kwamiti ne na mutum 15 a ƙarƙashin ƙungiyar laburarorin Amurka. Sukan shafe shekara suna karanta abin da aka buga, su shiga ɗaki su yi ta muhawara a asirce, a sanar da sakamako a farkon shekara mai zuwa. Sharaɗi ne marubucin ya kasance ɗan Amurka ko mazaunin ƙasar, shi ya sa ba za ka ga ɗan Ingila mazaunin Ingila a jerin ba.

Ita Birtaniya tata ita ce lambar Carnegie, wadda aka kafa a 1936 don tunawa da Andrew Carnegie, attajirin da ya ba da kuɗi aka gina laburare sama da 2,500. Arthur Ransome ne ya fara samu. Nan ma ma'aikatan laburare ne alƙalai.

Na yarda da wannan tsari saboda dalili ɗaya. Ma'aikacin laburare shi ne ke ganin littafin da yara ke aro har bangonsa ya tsufa, da wanda ke zaune kan kanta ƙura na hawansa. Ba farfesa ba ne da ke hango yara daga nesa.

Kuɗi nawa ake ba su?

Newbery da Caldecott babu ko kwabo, lambar ce kawai. Sai dai littafin da ya ci yakan daɗe a kasuwa, makarantu da laburarori su yi ta saye shekara da shekaru, nan ribar take.

Mai kuɗi da yawa ita ce ta tunawa da Astrid Lindgren, wadda gwamnatin Suwidin ta kafa a 2002, kurona miliyan 5 duk shekara. Akwai kuma ta Hans Christian Andersen, da ake bayarwa duk bayan shekara biyu tun 1956. Ita ba littafi ɗaya take dubawa ba, aikin marubuci na tsawon rayuwarsa ake aunawa, kuma daga kowace ƙasa.

Matar da ta assasa ƙungiyar da ke ba da Andersen ta cancanci a san ta. Jella Lepman sunanta, Bayahudiya 'yar Jamus da ta gudu Ingila zamanin Hitila. Da yaƙi ya ƙare a 1945 ta koma ta tarar da yara suna yawo cikin kufai, ba abinci, ba makaranta. Sai ta rubuta wa ƙasashe wasiƙu tana roƙon su aiko da littattafan yara, har da ƙasashen da Jamus ta yi wa ɓarna. Daga littattafan nan aka buɗe babban laburaren yara na duniya a birnin Munich a 1949, sannan ta kafa ƙungiyar IBBY, mai ba da lambar Andersen, a 1953.

Wace ce Astrid Lindgren da har gwamnati ta sa wa kyauta sunanta?

Uwa ce 'yar Suwidin, haifaffiyar 1907, mai aikin sakatariya. A 1941 'yarta Karin ta kwanta ciwon haƙarƙari, kullum dare sai ta ce a ba ta labari. Wata rana yarinyar ta ƙirƙiro suna daga bakinta, ta ce a ba ta labarin Pippi mai doguwar safa. Uwar ba ta tambayi ko wace ce ba, ta kama ba da labarin wata yarinya 'yar shekara 9 da ke zaune ita kaɗai da biri da doki, mai ƙarfin da za ta ɗaga dokin sama da hannu. Shekara uku labarin yana baki kawai. Sai a 1944 ta zame kan ƙanƙara ta gurɗe ƙafa, zaman jinya ya sa ta rubuta shi.

Kamfanin ɗab'i na farko da ta aika wa ya mayar mata da abinta. A 1945 wani ƙaramin kamfani ya sa gasar littattafan yara, ta shiga, ta zo ta ɗaya. Wasu malamai a lokacin sun yi ta sukar littafin, suna cewa yarinyar ba ta da ladabi, za ta ɓata yara. Yau an fassara shi cikin harsuna masu yawan gaske. Lindgren ta samu lambar Andersen a 1958, ta rasu a 2002 tana da shekara 94.

To su waɗannan marubuta, ina suke samo labaransu?

Wannan ce tambayar da na fi son amsawa, domin duk sanda na bi sawun littafin da ya taɓa ni, sai in tarar a bayansa akwai wani yaro guda da aka rubuta dominsa, ko wani ciwo da marubucin ya daɗe yana ɗauke da shi.

Richard Adams ma'aikacin gwamnati ne a Ingila. A mota, kan doguwar tafiya, ya fara ba 'ya'yansa mata biyu labarin wasu zomaye da suka bar raminsu suna neman sabon mazauni. Yaran suka matsa masa sai ya rubuta. Kamfanoni da dama suka ƙi karɓa, har wani ƙaramin mai ɗab'i ya buga shi a 1972 da sunan Watership Down, lokacin Adams yana da shekara 52. Littafinsa na farko ke nan, kuma shi ya ci Carnegie.

Christopher Paul Curtis kuwa shekara 13 ya yi yana ɗaura ƙofofin mota a wata masana'anta a garin Flint na jihar Michigan. Shi da abokin aikinsa suka yi yarjejeniya, wannan ya yi aikin mutum biyu na rabin awa, wancan ya huta, sannan su yi musanya. A cikin wannan rabin awa yake rubutu, injuna na ta ƙara a kansa. Daga baya ya rubuta Bud, Not Buddy, labarin wani maraya ɗan shekara 10 da ya fita neman mahaifinsa, kuma ya gina wasu daga cikin mutanen littafin a kan kakanninsa biyu maza. Ya ci Newbery a 2000.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Mildred Taylor. An haife ta a jihar Mississippi a 1943, iyayenta suka yi ƙaura zuwa arewacin Amurka tana jaririya saboda wariyar launin fata. Amma duk sanda suka koma ganin gida, sai a zauna, mahaifinta da 'yan uwansa su yi ta ba da labaran kakanni, irin zaman da mu ma muka sani a tsakar gida bayan sallar isha'i. Abin da ta ji a wurinsu bai yi kama da abin da littafin tarihi na makaranta ke faɗa kan baƙaƙen fata ba. Daga nan ta rubuta Roll of Thunder, Hear My Cry, labarin wani gida na baƙaƙe a 1933 da suka mallaki gonarsu, suka ƙi yarda a raba su da ita. Akwai wuri a farkon littafin inda aka raba wa yara littattafai a aji, ƙaramin cikinsu ya buɗe nasa ya ga jerin shekarun da 'ya'yan farare suka yi suna amfani da shi, sai da ya lalace sannan aka turo musu. Ya jefar da shi ƙasa ya tattake. Ranar da na ba 'yan aji shida wannan labari, ajin ya yi tsit, domin su ma littafi ɗaya mutum huɗu ke leƙawa, kuma sun san warin tsohon littafi. Taylor ta sadaukar da shi ga mahaifinta, wanda ya rasu kafin a ba ta Newbery a 1977.

Na ji an ce wasu daga cikinsu har mutuwa ake yi a ciki. Wannan ya dace da yaro?

Ana yi, kuma ni ina ganin ya dace, idan an iya faɗa.

Wanda aka fi ambata shi ne Bridge to Terabithia na Katherine Paterson. A 1974 tsawa ta faɗa wa ƙawar ɗanta, yarinya 'yar shekara 8, ta rasu. Yaron ya rikice, yana ganin kamar laifinsa ne Allah ya ɗauke ta. Ita uwar ma a shekarar aka gano tana da ciwon daji. Ta rasa abin da za ta ce masa, sai ta zauna ta rubuta labarin yaro da yarinya da suka ƙirƙiri wata masarauta tasu a daji, hayin rafi, inda suke tsallakawa da igiya. Wata rana yaron ba ya nan, igiyar ta tsinke. Littafin ya ci Newbery a 1978, kuma har yau akwai iyaye a Amurka da ke neman a cire shi daga makarantu.

Na karanta wa 'yata shi tana da shekara 11, watanni kaɗan bayan rasuwar wata 'yar ajinsu da zazzaɓi ya ɗauke cikin kwana uku. Tun ranar ta'aziyya ba ta ƙara ambaton yarinyar ba. Da muka kai wurin igiya sai ta ce, "Baba, tsaya." Ta juya ta fuskanci bango. Can ta ce, ranar da ƙawar tata ta fara rashin lafiya sun yi faɗa kan fensir, ba su shirya ba. Wata uku tana ɗauke da wannan magana, babu wanda ya sani a gidan. Muka yi wa yarinyar addu'a tare a daren.

'Ya'yanmu suna ganin makara tana fita daga unguwa. Suna jin kuka. Abin da suka rasa shi ne wanda zai zauna da su a yi maganar.

Ke nan duk littafin da ya ci shi ya fi kowane kyau a shekararsa?

Ba lallai ba. Alƙalai mutane ne. A 1953 Charlotte's Web na E. B. White, labarin gizo-gizon da ta ceci wani ɗan alade daga yanka ta hanyar saƙa kalmomi a yanarta, azurfa kawai ya samu. Wanda ya ci zinariya a shekarar, Secret of the Andes, yau kaɗan ne ke karanta shi, alhali na White yana hannun yara a ko'ina.

Su ma masu ɗab'i suna kuskure. Madeleine L'Engle ta aika A Wrinkle in Time wa kamfanoni sama da 20, duk suka ce ya yi wa yara wuya. Da aka buga shi, ya ci Newbery a 1963.

Akwai kuma littattafan da suka ci amma manya suka fi yara jin daɗinsu. Na sha ba yaro mai tambarin zinariya ya dawo mini da shi bai wuce shafi goma ba. Ba na matsa masa. Nakan ba shi wani, in ajiye wancan zuwa baɗi.

Baƙaƙen fata suna samun waɗannan lambobi kuwa?

An daɗe ba su samu ba, kuma ba don babu marubuta ba. Sai a 1975, shekara 53 da farawa, Virginia Hamilton ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Newbery. A Carnegie ma abin ya fi jinkiri, domin sai a 2019 wadda ba farar fata ba ta fara ci, Elizabeth Acevedo, bayan an yi ta ƙorafi har masu shirya kyautar suka sake duba tsarinsu.

A ɓangaren zane akwai mata da miji, Leo da Diane Dillon, da suka ci Caldecott shekara biyu a jere. A 1976 da wata tatsuniyar Afirka ta Yamma kan dalilin da ya sa sauro ke kuka a kunnen mutane, a 1977 kuma da Ashanti to Zulu, littafin abacada inda kowane harafi ke ɗauke da wata al'ummar Afirka. Harafin H na Hausawa ne, T na Buzaye, Y na Yarabawa. Idan ka ci karo da shi, saya. Yaro ya buɗe littafin da aka buga a Amurka ya ga mutanensa an zana su da mutunci, abin yana yi masa wani iri a zuciya.

A 2020 kuma Jerry Craft ya ci Newbery da New Kid, wanda gaba ɗayansa labari ne cikin zane-zane, karo na farko da irinsa ya ci. Ina faɗin wannan ne saboda iyayen da ke ƙwace wa yara littafi mai hotuna suna cewa ba karatu ba ne.

A Afirka fa?

Meshack Asare na Gana shi ne wanda zan fara ambata. Shi ke rubutawa, shi ke zanawa. Ya ci kyautar littattafan Afirka mai suna Noma a 1982, sannan littafinsa Sosu's Call ya ci kyautar UNESCO a 1999. Labarin wani yaro gurgu ne a ƙauyen bakin teku, wanda mutane ke ganin bai kamata ya fito waje ba. Ranar da ruwa ya taso manya duk suna gona da kamun kifi, shi ne ya ja jiki har inda ganguna suke, ya buga, aka ji aka dawo. A 2015 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar NSK Neustadt ta adabin yara. A wannan shekarar kuma wata ƙungiyar Afirka ta Kudu mai suna PRAESA, mai aikin sa yara karatu da harsunansu na gida, ta ci kyautar Lindgren.

Sai Beverley Naidoo, farar fata 'yar Afirka ta Kudu da gwamnatin wariya ta tsare tana ɗaliba, daga baya ta yi gudun hijira zuwa Ingila. Littafinta The Other Side of Truth, wanda ya ci Carnegie ta 2000, a Legas ya fara, zamanin Abacha, jim kaɗan bayan rataye Ken Saro-Wiwa a 1995. Yara biyu ne, Sade da ƙanenta Femi, 'ya'yan wani ɗan jarida. An zo harbin uban aka samu uwar. Aka fitar da su a ɓoye zuwa Landan, matar da aka biya ta kai su ta watsar da su a tashar jirgin ƙasa. Ga 'yan sakandare, da wuya ka samu littafin da ya fi shi nuna abin da faɗin gaskiya ke jawo wa iyali.

Nijeriya tana da tata kyautar?

Tana da ita, kuma mai tsoka. Kamfanin iskar gas na NLNG ya kafa kyautar adabi ta Nijeriya a 2004. Ta fara da dala 20,000, tun 2011 kuma dala 100,000 ce. Tana zagayawa ne tsakanin fanni huɗu, ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara, don haka yawanci sai bayan shekara huɗu ake zagayowa kan yara.

A 2007 mata biyu suka raba, Mabel Segun da Akachi Adimora-Ezeigbo. Segun tun 1965 take rubuta wa yara, kuma a ƙuruciyarta zakara ce a wasan ƙwallon tebur. A 2011 Adeleke Adeyemi ya ci da The Missing Clock, kuma da sunan Hausa ya buga shi, Mai Nasara. A 2015 alƙalai suka duba littattafai sama da 100 suka ce babu wanda ya kai, ba a ba kowa ba. An ji zafin hukuncin, amma ni ina ganin sun yi wa yara adalci, domin da yawa daga cikin abin da ake bugawa da sunan littafin yara wa'azi ne aka yi wa rigar labari, ga kurakuran rubutu, ga zane na gaggawa. A 2019 Jude Idada ya ci da Boom Boom, labarin yaro da ƙanwarsa mai ciwon sikila, cutar da kusan kowace unguwa a ƙasar nan ta san ta. A 2024 Olubunmi Familoni ya ci da The Road Does Not End, kan yaran da ake sa wa aikin ƙarfi.

A ɓangaren manya, Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya ci ta 2016 da Season of Crimson Blossoms. Wannan kam na manya ne, kada ka ga sunan gida ka miƙa wa yaro.

Abin da ke damuna da wannan kyauta shi ne da Turanci ake shiga.

To da Hausa babu littattafan da suka ci gasa?

Ai ƙagaggen labarin Hausa na boko ma gasa ce ta haife shi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya yana neman malamai su rubuta labarai. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Imam a lokacin matashin malami ne a Midil ta Katsina, shekararsa 22, kuma Bello Kagara yayansa ne. Gasar ce ta sa aka gane shi, aka ɗauko shi zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, don karatun 'yan makaranta. Aku ne ke ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita. Kusan shekara 90 ke nan, kuma har yau idan na fara karanta shi a aji, mai barci ma tashi yake yi.

A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya sa wata gasar, wadda ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Da wannan Hafsatu ta buɗe wa mata ƙofa. A 1982 gasar gwamnatin tarayya ta ba mu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Daga 2016 kuma BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta gajerun labarai, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara ci, a 2022 kuma Amira Souley daga Nijar ta ɗauka.

Ka lura, duk sanda aka sa gasa mai kyau, sai sababbin marubuta su ɓullo daga inda ba a zata ba. Burina in ga an yi irin wannan don yara zalla, duk shekara, da alƙalai malaman firamare, da lambar mai zane daban, kuma a buga littafin da ya ci a kai shi makarantu daga Sakkwato har Damagaram.

Littafin da aka rubuta da harshen gida zai iya kaiwa ga manyan kyaututtukan duniya?

Ya taɓa faruwa. Manon Steffan Ros ta rubuta wani ɗan littafi da harshen mutanen Wales, wanda masu jin sa ba su kai miliyan ɗaya ba. Ya fara cin gasa a gida a 2018. Ta fassara shi da kanta zuwa Turanci da sunan The Blue Book of Nebo, ya ci Carnegie a 2023, karo na farko da fassara ta ci. Labarin uwa ne da ɗanta da suka rage su kaɗai bayan wata masifa ta shafe duniyar da suka sani, kuma cikin abin da yaron ya riƙe har da littattafan harshensu. Ita Lindgren ma da harshen Suwidin ta yi rubutu, ba da Turanci ba. Masu jin Hausa sun ninka mutanen Suwidin sau da yawa.

Ina tsoron tarbiyya. Duk littafin da ya ci lambar yabo zan iya ba ɗana?

A'a. Alƙalan can suna auna iya rubutu ne bisa al'adarsu, ba su san gidanka ba. Akwai waɗanda suka ci, musamman na matasa a 'yan shekarun nan, da ke ɗauke da abubuwan da uba Musulmi ko Kirista a nan ba zai so ɗansa ɗan shekara 10 ya karanta ba. Kuma kalmar yara a wurinsu tana da faɗi. Newbery tana kaiwa har shekara 14, Carnegie ma takan ba littattafan da sai 'yan babbar sakandare.

Maganin abu ɗaya ne, ka riga shi karantawa. Yawancinsu dare biyu sun ishe ka. Idan ba ka da hali, ba wani malami ko yayansa da ka yarda da shi. Wani lokaci ba sai an hana ba, a karanta tare, idan an zo wurin da ya saɓa wa namu a tsaya a ce, su haka suke yi, mu ga yadda muke yi, ga kuma dalili.

Ɗana bai iya Turanci sosai ba. Ta ina zan fara?

Fara da Hausa. Yaron da ya ji daɗin labari da harshen da yake mafarki da shi, zai bi labari zuwa kowane harshe. Magana Jari Ce na ɗaya, labari guda kowane dare, ya isa somawa. In ya fara karantawa da kansa, ka bar shi ya karanta maka ko da yana tuntuɓe, kada ka riƙa katse shi a kowace kalma.

Na Turanci kuma, fara da masu tambarin Caldecott, domin hoto ke ɗaukar rabin nauyin. Yadda nake yi a gida shi ne in karanta shafi da Turanci, in rufe littafin a kan yatsana, in ba da shi da Hausa kamar tatsuniya, sannan in tambaye su me suke jin zai faru. Ƙaramin yakan riƙe fitila, babbar takan buɗe shafi. Minti goma sha biyar ne, bayan isha'i, kafin a shimfiɗa gidan sauro. Kuma a daidai inda labari ya yi daɗi nake tsayawa, in sa tsinken tsintsiya a shafin, in ɗora littafin a saman kwaba inda hannunsu ke iya kaiwa. Sau da yawa washegari nakan tarar tsinken ya matsa gaba da shafi uku ko huɗu.